Shingen Lallen Kaka Tumba

Gidan kakata Tumba a Argungu yana can ƙarshen gari, inda ƙasa ke gangarawa zuwa gulbi. Ta gabas babu katanga, shingen lalle ne da ya kai kafaɗar babban mutum, kansa a dunƙule tudu-tudu kamar an jera tukwane an kife. A gindinsa take da murhun banda. Idan masunta suka dawo da la'asar takan sayi kifi ta gyara, bayan magariba ta hura wuta, mu jikokinta mu kewaye ta. Hayaƙi yana sa mu hawaye, amma babu mai matsawa, don wanda ya matsa ya rasa kan tarwaɗa.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Takan buga itace a bakin murhu ta ce, "Ga wata ta iso bakin gulbi, wa ka ƙetaro ta?" Mu haɗa baki mu ce mun kawo jirgi, sannan ta fara.

Akwai wadda ba ma so, amma ita tana yawan maimaita ta. Wai wata gwauruwa ce ke da shinge a bayan bukkarta, mai kyan da duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya. Wani attajiri ya gani ya yi sha'awa. Ya tara masassaƙa suka sassaƙa masa irinsa da itace suka shafa masa kore, amma ko tsuntsu ɗaya bai sauka a kai ba. Ya sa aka dasa masa na gaske aka aske shi da wuƙa, ya fito kamar kan jariri ranar suna. Sai ya je wajen matar da kansa ya tambaye ta yadda ta yi.

A nan Kaka takan sauke murya. "Tac ce mishi, ni ban yi shi ba. Awaki sunka ci ƙasa, iskan gulbi yat tanƙwasa bisa, ɗiyan unguwa sunka tsinke inda hannunsu yak kai. Ni dai bi nika yi ina gyara inda yaɓ ɓaci, shekara arba'in."

Attajirin ba shi da shekara arba'in da zai jira. Ya sa aka tuge shingen da saiwarsa aka kai gidansa, kwana bakwai ya bushe. Mukan tambaye ta abin da matar ta yi.

"Mi za ta yi? Ta zamna tana kallon ramu."

Sai ta juya kifinta ta ce tatsuniya ta koma gulbi, mai iya iyo ya bi ta. Mu kuwa mu tashi da haushi, don ba a hukunta kowa ba.

Kaka ta rasu ina makarantar sakandare. Na yi karatun zanen gine-gine na zauna a Birnin Kebbi, ina zana wa mutane gidaje a kwamfuta, su ga gidansu da fenti da tagogi da itatuwa tun ba a haƙa harsashi ba. Wata damina ruwa ya ci unguwarmu ta Argungu. Ɗakunan laka suka zube, shingen ya daɗe cikin ruwa har ya ruɓe. Na ɗauko mahaifina na dawo da shi wurina. Bai shekara ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma kalma biyu ko uku, da ƙyar.

Wata rana da hantsi ina aiki a falo, yana kan kujerarsa yana kallon yadda nake juya gidan wani a fuskar kwamfuta. Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito. "Yi min gidan Inna."

Gidan Kaka yake nufi. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Duk da haka ɗakunan ba su ba ni wahala ba. Kwana biyu na tayar da zaure da rumbu da ɗakin Kaka, har da murhun banda. Na nuna masa, ya gyaɗa kai, ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso gabas sai ya tsaya.

Shingen da manhajar zanen ke da shi akwati ne mai kusurwa huɗu, an lulluɓe shi da hoton ganye. Shi na sa. Baba ya kawar da kai.

Na cire wannan shingen na koma ƙerawa da hannu. Na ɗauki siffar ƙwallo na danne ta, na jera goma sha biyu na haɗe su, na shimfiɗa musu kore. Suka fito kamar kankana a kasuwa. Na gane santsin ne ya yi yawa, sai na motsa gefunan, wani tudu ya fi wani, na duhunta ƙasan don ya yi inuwa. Na je gidan wata maƙwabciya na ɗauki hoton ganyen lallenta, na yanke ganye ɗaya na sa manhajar ta watsa dubbai a jikin tudun, kowanne da inda ya fuskanta. Kwamfutar ta yi zafi ta tsaya cik. Na rage ganyen, shingen ya yi sanƙo. Na ƙara, ta sake tsayawa. Abokan sana'ata da na nuna wa sun ce ba su taɓa ganin shinge mai kama da na gaske kamarsa ba. Na kai wa Baba ina murna.

"Ba nata ba na," in ji shi.

Mako biyar ina wannan aiki. Na tambayi gwaggona a Gulma ta waya, ta ce ita dai ta san shinge ne, kore. Ni kaina da na rufe ido ina ganinsa sarai, da na buɗe na kama linzamin kwamfuta sai ya gudu. Baba ya san inda kuskuren yake, bakinsa ba ya iya faɗa. Ni ina da hannun gyarawa, ban san me zan gyara ba. Haka muke zama gefe da gefe, ni da shi, muna kallon abu ɗaya.

Sau ɗaya ya ɗaga hannun hagu ya dangwala yatsa a ƙasan tudu na uku. Sai na tuna akwai wata kafa a wurin, inda akuyar Kaka ke kutsawa. Na huda ta, na bar 'yan rassa tsirara a bakinta. Ya daɗe yana kallo, har na ji numfashinsa ya canja. Na tambaye shi ko ya yi. Ya ce, "Bar shi hakanan." Bai ce ya yi ba, bai kuma sake neman gani ba. Kafin azumi ya rasu.

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar attajiri take ja wa kunne, kada mutum ya yi gaggawa ko ƙwace. Yanzu matar nake tunawa. Ta san duk yadda shingenta ya samu, ta lissafa wa mai tambaya ɗaya bayan ɗaya, amma sanin bai ba ta ikon yin na biyu ba. Ina jin abin da Kaka ke gaya mana ke nan, mu kuwa muna jiran a hukunta wani.

Bayan sadakar arba'in na yanko rassan lalle a Argungu na dasa a bayan gidana. Ina ba su ruwa safe da yamma. Sun kai gwiwata yanzu, sirara, kowanne ya nufi inda ya ga dama. Ba ni da akuya, gulbi yana da nisa, shekaruna arba'in da shida.