Makiyayi da Garkensa na Cikin Kwalba

Ranar da murfin kwalbar ya tashi, maƙwabcina yana kan kujerar mai aski, an yi masa rabin kai. Sai muka ji "fus!" daga cikin rigarsa, wani baƙin ruwa mai yauƙi ya gangaro masa har cinya. Wari kuwa, ruɓaɓɓen ƙwai ma sai ya sara masa. Mai aski ya yar da almakashi ya yi waje, mu da ke jiran layi muka rufa masa baya. Shi kuwa bawan Allah, ko a jikinsa. Durƙusawa ya yi yana kwalfar ruwan da murfi, yana cewa, "Don Allah kada ku taka su!"

Ranar na raɗa masa Makiyayi, sunan kuma ya bi shi.

Katanga ɗaya ta raba mu, shekara goma sha biyar ke nan. Aikinsa a wata tsohuwar rijiyar mai yake, can bayan gari. Ya shiga yana saurayi mai goge bututu, yau ga furfura, shi ke duba ma'auni yana ɗibar abin da za a gwada. Daga ƙarar famfo kaɗai yakan gane lafiyarsa. To, rijiya ta tsufa, ruwan da take amayarwa ya fi man yawa. Kamfani ya ce rufe ta za a yi, a kwashe ma'aikata zuwa wani wuri mai tafiyar kwana biyu. Ga tsohuwarsa a ɗakin tsakiya, ko ƙofar gida sai an riƙe ta. Ina zai kai ta?

Ana haka wata injiniya ta zo da dabara. Ni dai karatuna bai wuce allon farko ba, amma ga yadda ya kwatanta mini a bakin ƙofa.

"Man bai ƙare ba, maƙalewa ya yi a ramukan dutse, kamar maiƙo a gindin tukunya. Akwai wasu ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu. In aka tura su ciki da baƙin ruwan rake, sai su ci, su hayayyafa, su fitar da iska da wani abu mai kama da sabulu. Shi ke sakin man."

Na ce, "Wato wanke-wanke za su yi?"

Ya ce, "Yau dai ka gane abu."

Shi aka ba renonsu, kwalba uku. Halittun sun saba da zafin ƙarƙashin ƙasa, sai ga na'urar ɗumama su ta lalace. Makiyayi ya kwaso su gida. Biyu maiɗakinsa ta naɗe da tawul kusa da murhu, tana mita wai a gidan nan har abin da ba a gani sai an yi masa hidima. Ta ukun ya cusa cikin riga kamar kaza a kan ƙwai. Injiniya ta ja masa kunne ya bar murfin sako-sako saboda iska, shi kuwa ya ɗaure shi tamau don kada rigarsa ta ɓaci. Ka ji inda tsafta ta kai shi.

Biyun nan su suka rufa asiri. Aka hayayyafa su a tanki, aka tura ƙasa, aka rufe rijiya mako shida. Kullum ya dawo sai na tare shi.

"Makiyayi, ya garke? An samu ƙaruwa?"

"Suna gaishe ka," in ji shi, amma fuskar ba walwala.

Da aka buɗe, kwana biyu ruwa tsagwaro. Rana ta uku ya shigo layinmu takalminsa baƙi ƙirin da mai, bakinsa har kunne. Ba ambaliya ba ce, amma ta isa kamfani ya fasa rufewa. Ɗakin tsohuwa ya fara shiga, ya ce, "Inna, muna nan." Ta ce da ma ita ba ta ce za ta ko'ina ba.

Da yamma ya shimfiɗa tabarma, aka fito da abinci, na wanke hannu kamar yadda na saba.

Na ce, "Ashe dai ba kai ke aikin ba. Halittu na can suna gumi, kai kana nan kana baza ciki."

Ya tura mini kwano, ya ce, "Su mako shida na ciyar da su, suka fito da mai. Kai shekara goma sha biyar kana cin nawa, ban da iska, me ka taɓa fitarwa?"