Layin da Ba Suna

Shekarun da na yi ina aikin lafiyar yara, nawa shi ne rubuta sunaye. Kafin damina nakan zagaya ƙauyukan Aliero da rugagen wajen Maiyama, in rubuta kowane yaro da bai kai shekara biyar ba, don a kai masa maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. In na dawo ofishinmu a Jega sai in zuba su cikin jadawalin kwamfuta, kowane yaro da layinsa: suna, shekaru, gida, gari.

Wanda duk ya yi aikin nan ya san ba a tambayar Bafulatana sunan ɗanta na fari. Ko ka tambaya, ƙasa za ta duba ta yi murmushi. In akwai maƙwabciya kusa, ita ke faɗa. In babu, sai in bar gurbin sunan ba komai, in cika sauran. Masu raba magani sun san wannan sarai, da sun ga layi ba suna sun san ɗan fari ne. Ni ma har yau ban taɓa kiran nawa da sunansa ba, sai dai in ce "wannan yaron", kuma ga shi da gemu.

Sai wata shekara aka kawo mana manhaja mai basirar na'ura, wadda ke karanta jadawalin da kanta ta fitar wa kowane mai rabo jerin gidajensa. Ta zo da takardar bayani mai shafuka da yawa, wadda ita kanta manhajar ke bi wajen aiki. Ogana ya ce tunda ni ce mai tsinin baki a kan rubutun mutane, in karanta in faɗi ko bayanin ya fito fili. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na zauna kwana biyu da jan biro. Na kama waɗanda suka rubuta ta da rashin misalai, na kama su da rubuta sunan garin Danwarai iri biyu, har na yi musu ba'a a gefen shafi. A ƙarshe na sa hannu cewa bayanin ya gamsar.

A cikin takardar akwai jimla ɗaya da ta ce duk layin da ba shi da suna, manhajar za ta ɗauke shi kuskure ne ta tsallake. Na karanta ta. Na tuna ma na yaba da yadda ta fito gajeriya ba kwana-kwana.

Bayan ruwa ya ɗauke, ana dashen albasa, na koma wata ruga bayan Maiyama. Wata yarinyar mace da na rubuta ɗanta na fari kafin damina ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono. Na tambayi mai ƙiriniyar nan da ya kusa gudu da birona. Surukarta ce ta amsa, ta ce zazzaɓi ne, kwana uku, cikin watan da gero ke fidda kai. Ta ce masu magani sun zo har sau biyu, sun ba 'ya'yan gidan kusa, sun duba takardarsu sun ce yaron ba ya ciki.

Uwar ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Malama, ai ina gani kinka rubuta shi. Ko ban hwaɗi daidai ba?"

Na ce mata ta faɗi daidai. Ban iya shan nonon ba, na kuma kasa ajiye ƙwaryar.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, an faɗa mini, ni ma na faɗa wa wasu. Wataƙila ko ya sha maganin da ya tafi. Amma wannan "wataƙila" ba ta taɓa barina na huta ba, domin ni kaɗai ce a ofishin nan na san ma'anar gurbin da ba komai, kuma ni aka ba takardar.

Washegari na sa aka gyara. Na rubuta da kaina cewa layin da ba suna ɗan fari ne, a sa shi farkon jeri. Manhajar ba ta da gardama, abin da aka rubuta mata shi take bi. Don haka da aka fitar da jerin damina ta gaba, yaron nan ne na farko a rugarsu: ba suna, shekara uku, a kai masa magani.

Cire wanda ya rasu aikina ne, danna abu ɗaya kawai. Damina biyu ke nan ina kai hannu ina janyewa. Mai rabon yankin ya gane, ba ya zuwa ƙofarsu da maganar. Manhajar kuwa kowace shekara tana ƙara masa shekara ɗaya, bana ta ce ya kai biyar, ta tambaye ni ko a fitar da shi tunda ya girma.