Mai Faci a Bakin Gulbi

Ina tsaye da littafin mota a hannu, wani tsoho mai faci yana sace wa tayoyinmu iska.

Shekara ta biyu ke nan ruwa na ɗaukewa kafin gero ya fid da kai. Motar asibitinmu ce, doguwar nan mai gadaje a ciki, za mu kai wa yara masu tamowa magani a Kamarawa. Hanya ta bi ta gulbi, kuma babu komai a cikinsa sai rairayi.

Na ce, "Baba, kamfanin da ya ƙera motar nan ya rubuta yawan iskar da ake sa mata." Digirina ne ke magana.

Bai ko ɗago ba. "Ɗiyata, kamfanin ga kwalta ya sani. In kin shiga rairayi da taya tsantsan, nan za ki wuni, yara na can na jiranki."

Ya bi tagwayen tayoyin baya yana ƙwanƙwasa su da ƙarfe, yana kasa kunne, har sautinsu ya zo ɗaya. Ya ce in ɗaya ta fi 'yar'uwarta iska, ita kaɗai za ta ɗauki nauyin har ta fashe.

Na tambaye shi inda ya san halin wurin haka.

"Shekara talatin ina fiton mutane da jirgi nan wurin. Ruwa ya tafi, ni ko ina za ni?"

Muka haye a hankali, muka isa kafin la'asar.

Ku a garinku, masu fito wace sana'a suka koma?