Ƙusa Goma Sha Ɗaya a Ƙyauren Yaya Tasi'u

Ni ce Yelwa, ƙanwar Tasi'u mai keke, uwa ɗaya uba ɗaya. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa nake tona laifinsa. Ina son yayana. Amma kan taurin kai, wallahi ko dutsen niƙa ya sara masa.

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni a nan Haɗeja. Babanmu garma yake ƙerawa da lauje da ƙugiyar masunta. Yaya Tasi'u ne ya koma walda, ya kafa shago a bakin hanyar Malam Madori yana ɗinke kekunan da suka karye. Kuma suna karyewa kam. Wanda ya san fadamarmu ya san dalili: ruwa ya janye, shanu su ratsa ta cikin laka, rana ta gasa sawunsu ya zama ramuka masu tauri. Mutum ya ɗora buhun shinkafa, ko kwandon kifi daga Baturiya, kafin ya iso gari keken ya rabe a wuya.

Ana nan sai aka turo Malam Ayuba, mutumin Filato, ya zo koyarwa a makarantar koyon sana'a. Ya zo da wani keke mai ƙatuwar taya, irin wanda ake hawan duwatsu da shi a wajensu. Mutane suka yi ta dariya, wai ina dutse a Haɗeja. Yaya bai yi dariya ba. Ya ari keken ya shiga fadama da shi tun hantsi, bai dawo ba sai la'asar. Ya ce wa Malam Ayuba fadamarmu da rani ta fi duwatsun garinsu mugunta, keken nan kuwa ya san aikinsa, illarsa ɗaya ba ya ɗaukar kaya. Daga wannan hirar suka shirya za su ƙera nasu firam ɗin, wato gangar jikin keke, mai juriyar na dutse kuma mai ɗaukar buhu.

Malam Ayuba ke zane a takarda, shi ke zuwa Kano zaɓen bututun ƙarfe, shi ke fenti. Yaya ke yanka da walda. Har rajistar ɗan kamfaninsu suka yi, aka rubuta Keken Fadama a jikin allo. Shekara uku abin yana ƙi. Takarda ta ce a miƙe, wuta ta ce ba ta san zancen ba, don ƙarfe in ya sha zafi ya huce ja yake yi. Sai firam ya fito a murɗe, tayar baya ba ta bin sawun ta gaba.

Yaya ya ciro tsohon ƙyauren maƙerar babanmu, ya kwantar da shi a kan duro biyu a ɗakin ciki. A kansa yake jera bututu, ƙusoshi suna riƙe da su. Ya yi walda, ya duba, ya zare ƙusa ya matsar da ita kamar faɗin ƙwayar shinkafa, ya sake. Haka ya yi ta yi har ƙyauren ya cika da huda kamar rariya. A ƙarshe ƙusa goma sha ɗaya suka tsaya inda ya kamata. A ido a karkace suke, kuma da gangan ne: karkatar ce wuta ke ja ta miƙar. In ka auna keken da aka gama, lafiya lau za ka gan shi, ba za ka taɓa gane inda aka fara ba. Sirrin duka yana jikin ƙusoshin nan. Ni kaina ban san wannan bayani ba sai da aikin gama ya gama. Abin da na sani kawai a lokacin shi ne ba a taɓa ƙyauren Yaya.

Kekunan suka karɓu. Masu kifi, masu kai madara, manoman alkama, har wasu samari daga Kano masu hawa don wasa suka riƙa zuwa. Ya'u mai kifi ya hau nasa shekara tara bai kai shi walda ba ko sau ɗaya, kuma Ya'u mutum ne da zai ɗora wa keke abin da jaki zai ƙi.

To ga inda nake jin haushi. Shekara goma sha huɗu suna tare, Malam Ayuba bai taɓa ganin fuskar ƙyauren nan ba. Labule a ƙofar ɗakin, tabarma a kan ƙyauren. A kwano ɗaya suke cin abinci. Rifkatu, matar Malam Ayuba, ƙawata ce, ita ta tsaya a kan tukwane ranar bikin 'ya'yan Yaya mata duka uku. Amma da Malam Ayuba ya nemi ya auna ƙusoshin ya sa a takarda, sai Yaya ya ce babanmu ya hana, wutar gida ba a nuna wa baƙo. Baƙo! Na ce masa Baba garma yake nufi, ina ruwan Baba da keke? Ya ce mata ba su san zancen maƙera ba.

Shekarar da ruwa ya ci unguwarsu, ya shiga shago har gwiwa, Yaya bai kula injin walda ba, ƙyauren ya nannaɗe da tabarma ya ɗaure. Shi a gaba, Malam Ayuba a baya, suka ɗauke shi a ka suka ratsa ruwa har gidana da ke kan tudu. Bawan Allah ya ɗauki abin a kansa, ya jiƙe sharkaf saboda shi, kuma ko a ranar bai ɗaga bakin tabarmar ba. Ni da ni ce da na leƙa, ba zan yi ƙarya ba.

Sai idon Yaya ya fara lalacewa. Shekara da shekaru yana walda da ɗan baƙin gilashin 'yan acaɓa, wani lokaci ma runtse ido kawai yake yi. Na yi faɗa har na gaji. Da farko ya ce hayaƙi ne, daga baya ya fara miƙa wa mutum hannu a gefen da mutumin ba ya nan. Likita a Kano ya ce za a gwada aiki, amma kada a sa rai sosai. Lokacin ya zo daidai da ritayar Malam Ayuba, suna shirin komawa gida.

Ina wurin ranar da Malam Ayuba ya roƙi Yaya na ƙarshe, na kai musu abincin rana.

"Malam Tasi'u, ba don ni ba," in ji shi. "Ni tafiya zan yi, ba zan ƙera keke a Filato ba. Bari na auna na rubuta, na ba ka takardar ka sa a ƙarƙashin matashinka. Rabin yini ya ishe ni."

Yaya ya yi ta juya cokali. Na rantse na ga ya kusa yarda. Can sai ya ce, "Akwai mai gado, Malam. Na aika a kira Haris."

Malam Ayuba ya koma kan kwano. Ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, ya yi mini godiya. Bayan sati biyu suka loda kaya, ni da Rifkatu muka sha kuka.

Haris ɗan babban yayanmu ne, marigayi Abubakar. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, gwanin ƙofofi da tagogin ƙarfe a Kano. Ba zan zalunce shi ba: yana da ladabi, yana da hannu, layinsa a miƙe yake kamar zare. Ya baro aikinsa ya zo saboda zumunci. Amma koyarwar Yaya irin ta Baba ce, ka zauna ka kalla, ba a tambaya, ba a bayani. Haris ya ga ƙusoshin a karkace, kunya ta hana shi ya ce Baffa naka ba daidai ba ne. Shi kuma Baffan girman kai ya hana shi ya buɗe baki ya faɗi magana ɗaya. Wata biyu suna zaune gefe da gefe, kowa da abin da ya haɗiye.

Na raka Yaya Kano aka yi aikin. Sati uku muka yi. Muka dawo ina riƙe da hannunsa, don ɗan hasken da ya tafi da shi ma can ya baro shi.

Kwana biyu da dawowarmu Ya'u mai kifi ya zo dubiya. Bayan addu'a ya yi ta kame-kame, sannan ya ce ƙaninsa ya karɓi sabon keke a shago, amma tafiyar ƙaguwa yake yi, in an saki hannu sai ya nufi rami. Ba shi kaɗai ba, akwai wasu biyu. Yaya ya laluba takalminsa ya ce na kai shi.

Haris ya tarbe mu da murna. Ya ja hannun Baffansa ya ɗora a kan wani sabon teburin ƙarfe, sumul, da turaku goma sha ɗaya da ya auna da tef ya yi musu walda.

"Baffa, na hutar da kai," ya ce. "Na lura tun da idon ya fara ƙusoshin suka goce. Yanzu komai a miƙe yake. Kekunan da aka dawo da su kuwa, ina zargin bututun ne."

Yaya ya tambayi ina ƙyauren. Yana jingine a bayan shago. Haris ya zare ƙusoshin tas don kada su yagi wani, har ya zuba su a gwangwani ya adana. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Na zaunar da Yaya a ƙasa, ya bi katakon da yatsu. Huda ta fi ɗari uku, wasu kusa da juna har sun kusa haɗewa, duk na shekarun gwaji. Ƙusa ce kaɗai ke nuna wadda ta yi daidai. Ya sa yatsa a wannan, ya koma waccan, ya dawo. Bai zagi Haris ba, da wane baki? A wurin ne ya yi mana bayanin karkatar da yadda wuta ke ja, tiryan-tiryan, bayanin da bai ɗauki minti biyar ba. Haris ya dafe kai ya fita waje. Ni kuwa na ji kamar na rufe yayana da duka, ga shi makaho, ga ni ina kuka.

Haris ya yi ƙoƙari wata huɗu, ya lalata bututu ba adadi, sannan ya koma ƙofofinsa. Ban ga laifinsa ba, abin da ya ci shekara uku da ido biyu ne. Allon Keken Fadama na nan, fentin ya koɗe.

Ranar da aka rufe shagon Yaya ya ce na kira masa Malam Ayuba. Na buga, na sa masa wayar a kunne, ina jin komai. Suka gaisa, aka tambayi iyali. Sai Yaya ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, ko Malam zai iya tuna inda ƙusa ta uku take, ta wajen wuya, ko da kwatance ne.

Malam Ayuba ya amsa daga can ɗaya ɓangaren.

"Malam Tasi'u," ya ce a hankali, "ai ban taɓa gani ba."

Ƙyauren yana zauren Yaya yanzu, a buɗe, ba tabarma. Kowa ya shigo sai ya gan shi, har masu tallan goro. Da safe in na kai masa koko sai na tarar da shi da gwangwanin a cinya, ya sa ƙusa a wata huda, ya jijjiga ta, ya zare. Jiya ya ce mini yana jin ya gano guda biyu. Na ce masa Allah ya sa, na ajiye kokon kusa da hannunsa na dama.