Shafi'i Mai Rezo da Ƙudan Zuman Tabotaki

A shekarun da yake hawa ƙarfe, idan aka sallame sallar asuba a unguwarsu da ke bayan tashar Madawa, Shafi'i Isufu ba ya komawa shimfiɗa. Yakan zauna a bakin ƙofa ya kunna wayar aiki, ya duba saƙonnin da na'urar kamfaninsu na salula ta turo daga Yamai: ƙarfen rezo, wato mai ba da sabis ɗin waya, na gari kaza ya mutu, na gari kaza batir ɗinsa ya yi sanyi, wancan kuma gurup, injin da ke ba shi wuta, ya ƙi tashi. A nan yake sanin inda rana za ta same shi. Maiɗakinsa Mardiyya takan dama fura ta cika masa gora, shi kuma ya shimfiɗa ɗamarar hawa a tsakar gida ya bi ɗinkinta da yatsa, ya ja kowace ƙugiya ya ji ƙarfinta, sannan ya saɓa ya fita.

Mardiyya ta daɗe da barin tambayarsa lokacin dawowa. "Da hwari nakan ce, Malam yau ina? Shi ce Keita. Da la'asar in ji shina Urno," in ji ta. "Sai na bari. Ni dai in na ga takalmi nai bakin ƙohwa, na san Allah ya maido shi."

Haka ya yi kusan shekara ashirin. Dogayen ƙarafan nan masu ja da fari da ake hangowa a kan duwatsun Adar, daga Madawa zuwa Buza har cikin kwaruruwan Keita, da wuya a nuna wanda bai taɓa hawa ba. Mutanen ƙauyuka ba su san sunan mahaifinsa ba, Shafi'i mai rezo suke ce masa. A Yamai kuwa ko sunan nasa ba kowa ya sani ba. Can lamba ce ke wakiltarsa, kuma ana ganin motarsa a kan allo tamkar ɗigon tawada yana tafiya. In ɗigon ya daɗe a wuri guda, sai waya ta yi ƙara, wata murya ta tambaye shi cikin Faransanci me ya tsayar da shi. Sau da yawa amsar ita ce ƙorama ta kawo ruwa ta yanke hanya, ko taya ta fashe a kan tsakuwa, ko kuma lokacin salla ne.

Kamfanin da ya ɗauke shi yana saurayi, bayan ya gama makarantar koyon sana'a a Maraɗi, ya sha sauya hannu. Aka canza suna, aka canza launin riga, aka canza shugabanni. Wata shekara aka tara ma'aikatan daji aka shaida musu cewa daga yau ba na uwar kamfani ba ne, an miƙa su ga wani ƙaramin kamfani da zai riƙa kula da ƙarafan. Aikin bai sauya ba, tsawon ƙarfen ma bai ragu ba, sai dai wasu haƙƙoƙi da suka zube a hanya. Abokan aikinsa da dama suka bari. Wasu suka buɗe shagon gyaran waya, wasu suka tafi biɗar kuɗi Abijan. Shafi'i ya karɓi sabuwar rigar ya sa.

Ba don ba shi da baki ba. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce yana da zafi, musamman a kan igiya da ƙugiya. Ya taɓa sauko da wani ma'aikaci daga tsakiyar ƙarfe don ya ga ƙugiya ɗaya ya maƙala maimakon biyu, ya yi masa faɗa a gaban mutanen gari, har suka yi makonni ba sa gaisawa. A taron da ake yi ta waya da manyan Yamai ma yakan faɗi abin da ke ransa, wani lokaci a saurara, wani lokaci a ce an ji, a wuce.

Aikin nasa kuma irin wanda ba a ganinsa ne sai ya lalace. Ranar da rezo ke lafiya, mai albasa a fadamar Tama zai kira dillalinsa ya ji yadda kasuwa ta kwana, matar da mijinta ke Libiya za ta ji muryarsa, ungozoma za ta kira motar likita, kuma babu wanda zai tuna da wani Shafi'i. Ranar da ya ɗauke, tun kafin ya fito daga mota ake tarbarsa da ƙorafi. Wata tsohuwa a Urno ta taɓa tsare shi da sandarta ta ce, "Kai ne kake hana ni jin ɗana? To Allah shina ganinka." Ya durƙusa ya ce, "Ki yi haƙuri Inna, yanzu in sha Allahu." Da ya gyara ya sauko, ta riga ta shige gida da wayarta a kunne.

Abin da ya sa ake wannan rubutu ya faru ne a wata bazara, a kan tudun da ke gabas da Tabotaki. Rezon yankin ya kwana biyu a mace. Shafi'i ya iso da hantsi tare da abokin aikinsa Zaharaddini, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda suka shekara uku suna yawo a mota ɗaya. Suka raba aiki yadda suka saba. Shafi'i ya shiga ɗakin batir a ƙasa, Zaharaddini ya ɗaura ɗamara ya hau ya duba akwatin na'ura da ke kusa da ƙololuwa. Babu wanda ya san ƙudan zuma sun tare a cikin akwatin tun bayan zuwansu na ƙarshe.

Iro, dattijon da ke gadin wurin yana noman gonarsa a gefe, shi ya fara gani. "Na ɗaga kai na ga abu baƙi ya tashi kamar hayaƙi," in ji shi. "Sai na ji yaron ga shina kuwwa, shina bugun huska da hannu. Ya sauko kaɗan, ƙahwa tai ta zame, ya yi lilo cikin ɗamara. Daga nan ban ƙara jin murya tai ba."

Shafi'i ya fito da gudu ya ga abokinsa rataye, kai ya langaɓe, zuma sun lulluɓe shi. Dokar kamfani a irin wannan hali a fili take: a kira Yamai, a jira masu ceto, kada kowa ya hau. Ya zaro waya. Babu rezo, don rezon ne suka zo gyarawa. Ko da akwai, masu ceto daga Tawa za su taso, kuma ya san mutumin da ya suma a rataye cikin ɗamara ba ya jure dogon jira.

Bai yi wata doguwar magana ba. Ya ce wa Iro, "Baba, ba ni rawaninka. Ka kira mini maza, duk wanda ka gani." Ya naɗe kansa da wuyansa da rawanin ya bar ido kawai, ya jiƙa buhu ya yafa. Iro ya cika wani gwangwani da busasshen kashin shanu ya sa masa garwashi, ya ɗaura masa a ƙugu don hayaƙi. Shafi'i ya ɗauki igiyar da suke jan kaya sama da ita, ya yi bisimilla ya kama ƙarfe.

Kafin ya kai rabi manoma sun taru a ƙasa. Suna kallo zuman suka bar na sama suka yo kansa. Hayaƙin ya rage su, bai kore su ba. Sun shiga ta hannun riga, sun shiga ta gefen ido. Duk da haka, in ji Iro, ko sau ɗaya bai matsa gaba ba sai ya maƙala ƙugiyarsa, kamar dai ranar aiki ce irin ta kullum. Ya isa, ya zarga igiyar a kan wani ƙarfe da ke sama da su, ya ɗaura bakinta a ɗamarar Zaharaddini, ya jefa ɗaya bakin ƙasa ya ce mazan su riƙe da ƙarfi.

Sauran aiki shi ne ya kwance ƙugiyar da mutumin ke rataye da ita, kuma ba ta kwantuwa sai an ɗaga nauyinsa. Ya sa kafaɗa ya tallafe shi, ya ɓalle ta. Nauyin ya koma kan igiya gaba ɗaya, igiyar ta ja, ta danne hannunsa na dama a jikin ƙarfe. Mutanen ƙasa ba su san abin da ya faru ba, don bai yi ihu ba. Daga baya da aka tambaye shi, cewa ya yi ya ji tsoron in ya yi ƙara su firgita su saki. Abin da suka ji kawai shi ne, "Ku sassauta sannu. Sannu dai." Suka yi ta sassautawa, igiyar na bi ta kan yatsunsa, har Zaharaddini ya taɓa ƙasa. Shi kuma ya sauko da hannu ɗaya da gwiwar ɗayan.

Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ya iya tuƙi ne ya ja motarsu ya kai su gidan likita a Buza. Zaharaddini ya farfaɗo da yamma, fuska a kumbure har ba a gane shi. Shafi'i ma ya kumbura, amma nasa ciwon a hannu yake. An ɗinke, ya warke, sai dai yatsu biyu sun ƙage, ba sa miƙewa, ba sa damƙa. Likita ya ce hawa ya ƙare.

Abin da kamfani ya yi, a faɗe shi yadda yake. Kiran farko da aka yi masa daga Yamai na tuhuma ne: me ya sa ya hau ba izini, kuma wa ya ba shi damar kai wuta kusa da tankin gazuwal, man da injin wuta ke sha. Shef ɗinsu, wato shugabansu na Tawa, ya zo da kansa ya duba su, ya tsaya masa, aka bar maganar. Aka biya magani, aka mayar da shi mangaza, ɗakin ajiyar kayan aiki, a Madawa. Da aka tambaye shi ko yana da wata buƙata, ya ce a ba kowace mota rigar kare zuma da igiyar saukar da mutum, a kuma koya wa ma'aikata amfani da su. Aka ce za a duba. Ya yi ta tunasarwa a kowane taro har wasu suka fara yi masa dariya, suna ce masa sarkin zuma. Sai da damina biyu ta wuce kayan suka iso. Yau shi ke miƙa su ga masu fita, kuma ba ya barin mota ta tashi sai ya gan su a ciki.

Zaharaddini yana nan yana hawa. Ba mai yawan magana ba ne, kuma bai so a daɗe kan wannan labari ba. Abin da ya ce shi ne, "Ni ban ga komi ba, ba ni da labari. Na rufe ido a sama, na buɗe a Buza. Ɗiyana ne za su ba da labarin in sun girma." Shafi'i kuwa da aka tambaye shi ko ya yi nadamar hannun, sai ya dube shi ya juya shi, ya ce yana damunsa wajen alwala da ɗaure igiyar akuya, ban da wannan sun saba da juna.

A ƙarshen wannan shekara zai ajiye aiki. Za a yi ɗan taro a harabar mangaza, a sha lemo, a ɗauki hoto, washegari na'urar Yamai ta tura saƙonninta ga wata lambar.

To Malam Shafi'i, kafin ranar ta zo, ga tamu gaisuwar. Kai ne ka yi shekaru kana haɗa muryoyin mutanen da ba su taɓa jin taka ba. Kai ne aka sauya wa riga sau da yawa, hali bai sauya ba. Kai ne ka san doka sarai, ka kiyaye ta fiye da kowa, ranar da ta ce ka tsaya ka kalli ɗan'uwanka a rataye ka ajiye ta ka hau. Namijin tudu, mai hawa da bisimilla. Ba mu ce ba ka da laifi ba, waɗanda ka yi wa faɗa suna nan da ransu. Amma suna da ransu ɗin, kuma wasunsu sun san dalili. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba Mardiyya ladan jiran da ta yi, ya sa hutun ya zo da lafiya.

Ga matasan da ke shiga irin waɗannan kamfanoni yanzu, da kwamfuta a jaka da Faransanci a baki, akwai abin koyi a nan. Ku san haƙƙinku ku faɗe shi a taro ko ba a so. Ku riƙe aikin da kyau ko da wanda ke sama bai san fuskarku ba. Abokin da kuka fita da shi da safe kuma, ku dawo da shi.

Sauran mu, duk wanda hanya ta bi da shi ta Madawa kafin shekara ta ƙare, ya tambayi mangazar kamfanin salula, ya shiga ya gaishe shi. Zai miƙo hannun dama, don bai yarda ya ba mutum hagu ba. Ku karɓa da hannu biyu, kada ku matse.