Gajeriyar Kujerar Inna

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu, yayana ya cika mota da itacen girki, ya bar kujerar Inna. Da wannan na fara don kada wani ya ce na manta. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma cikin abin da ya zaunar da ni a bencin nan har da son in rubuta da hannuna cewa an sami wurin itace a mota, ba a sami wurin kujera 'yar tsuguno ba.

A lokacin, aurena ya mutu, ina zaune a gida. Kafin mu tashi Yaya ya sa aka sare maɗacin ƙofar gidanmu, aka daddatsa shi, wai gara mu ƙone shi da ruwa ya cinye. Ranar tashi ina can ina ɗaure tukwane, Inna ta miƙa masa kujerarta. Ya ce, "Inna, wannan tsohuwar? Ƙafafunta duk sun cinye. Ajiye ta, na sayo miki sabuwa a kasuwar Bebeji." Ta ajiye. Kujerar da ta zo da ita gidan aure ke nan, a kanta ta tuƙa tuwon da ya raine mu.

Ya sayo ɗin kuwa, doguwa, har da fenti. Inna ta zauna sau ɗaya, ta miƙe, ta shige ɗaki ta kwanta a tabarma tana kallon bango. Matar da ba ta yarda wani ya taɓa mata muciya, ta daina leƙo murhu. Abinci sai an yi da ita take kai loma biyu. Yaya ya ce tsufa ne.

Maɗacin nan muka yi ta ƙonawa har ya rage gungume ɗaya. Da safe Yaya ya fito da gatari zai faskara shi, na riga shi, na hau kai na zauna.

Ya ce, "Tashi."

Na ce, "Ba inda za ni."

"Ƙwai kika saka a ƙarƙashi?"

"Kujera zan sassaƙa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in na gama in yi masa kwalekwale ya shiga kamun kifi.

Akwai tsohon masassaƙi a sabon garin, mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu. Na je na durƙusa na gaishe shi, na roƙi aron gizago. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yarinya, gidanku ba gidan sassaƙa ba ne. Kawo gungumen in yi miki." Na ce, "Baba, ba yi nake so a yi mini ba, nuna mini za ka yi." Ya ce bai taɓa ganin gizago a hannun mace ba, ba kuwa a kansa za a fara ba. Na tashi ko sallama ban yi ba. Na ɗauki tsohuwar fartanyata na kai maƙera, aka mayar mini da ita gizago.

Ba wanda ya gaya mini cewa gizago mai shi yake nufa. Kana dafe itacen da ƙafa, kana sara yana tahowa wajenka. Saran farko ya zame ya ɗauke mini fatar ƙauri. Tabon yana nan. Ba wanda ya gaya mini itace yana da hanyar da yake bi: in ka bi ta, ɓawo ya fita sumul, in ka saɓa, ya tsage har inda ba ka so. Da tsagewa na koya, ina yi ina zagi. Garin maɗaci ya shiga bakina, ko ruwa na sha ɗaci. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Mata masu zuwa ɗibar wuta suna tambaya nawa zan sayar, in na ce ba ta sayarwa ba ce sai su kalli juna.

Wajen ƙafafu na sha wuya. Na rarake tsakiya, ƙafa huɗu suka fito, na dasa ta a ƙasa, sai ta yi ta rawa. Ƙafa ɗaya ta gaza. Na rage sauran ukun. Na wuce wuri, wata ta gaza. Na sake ragewa. Haka na yi ta bin ƙafafun nan, kujera tana nitsewa, ga shi ba wani gungumen, uwar bishiyar ma kututturenta yana ƙarƙashin ruwa. Da ta daina rawa, tsawonta bai kai taƙi ba. Yaya ya wuce ya ce, "Wannan kujera ce ko faifai?" Na ce masa ya wuce tun gizagon yana ƙasa.

Na kankare ta da fasasshiyar kwalba, na shafe ta da man kaɗe. Ban kai wa Inna ba, don kunya da haushi. Na wurgar da ita gefen murhu, na shiga ɗaki in ɗaure ciwon hannuna.

Da la'asar na fito ɗora tukunya, na tarar da Inna a tsaye a kanta. Ta taɓa ta da ƙafa. Ta sunkuya ta shinshina.

"Maɗacinmu ne."

Na ce, "Shi ne. Na ɓata shi."

Ta zauna a hankali, gwiwoyinta suka taso har ƙirji, yadda na saba ganinta tun ina goye. Ta gyara zama, ta ce, "Tawa ta fi wannan gajarta. Kuma wannan tana tsunkulina ta hagu." Sannan ta miƙo hannu, "Ba ni muciyar nan. Tuwonki gudaji ne tun da muka zo."

Yaya ya ci tuwon nan da magariba, ya ce ashe Inna ta ji sauƙi, Allah Ya ƙara lafiya. Bai tambayi komai ba. Fentin kujerarsa kaji suka gama da shi a bayan rumbu. Har yau in mota ta bi da ni ta gefen ruwan nan, ba na kallonsa.