Madarar Gwangwani Daga Agadas

Da na haifi ɗana a Belbeji, mijina na aiki a Agadas, yana aiko mana madarar gwangwani. A wajenmu jariri mai ƙiba shi ne lafiyayye, don haka yana wata huɗu na cire shi daga nono, na riƙa dama masa madarar da sukari. Ranar awo mata suka yi ta ɗaga shi suna tubarkalla. Malamar awon ce kaɗai ta ce, "Baiwar Allah, mai da shi nono." Na ɗauka baƙin ciki take min.

Yayarsa ta sha nono shekara biyu, ana ta tausaya mata don siririya ce. Yanzu ita ke tsayawa a hanyar lakwal, in za su karatu, riƙe da jakarsa, tana jiran ya gama haki.